Baƙon Kofur Da Ciwon Da Muke Ɓoye Wa Iya

Assalamu alaikum Malam Edita, da dukan masu karanta wannan shafi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ina roƙo a sakaya sunana, domin garin da nake ƙarami ne, in aka ga suna an gane gidan, abin da nake gudu ke nan. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, ban daɗe da iya haɗa wasiƙa ba.

Ni tela ne, mutumin Bebeji. Da na ga ɗinki a garinmu sai lokacin Salla, sai na ɗora kekena a mota na dawo wani gari na bakin titi tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada, inda motocin lodi suke tsayawa, ba ka rasa direba ko fasinja da wandonsa ya yage. Matata na bar ta gidanmu wajen mahaifiyata, da niyyar in na zauna da gindina in ɗauko ta. Na sami haya a gidan wata dattijuwa da muke kira Iya, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, da tuwon sayarwa take riƙe kanta. Rumfarta tana ƙofar gida, duk direban da ya san hanyar nan ya san miyarta. Gidan yana da sashenta a ciki, da wani sashe mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, randa ɗaya, banɗaki ɗaya, sai kuma wani shago a jikin zaure wanda ƙofarsa take kallon rumfar tuwon. Sashen nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa Iya ta haɗa ni da wani bawan Allah makaniki, mutumin bayan Doguwa, tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai sojojinmu ƙetare, kowa Kofur yake ce masa.

Ranar da muka shiga, tun ban kwance tabarmata ba Kofur ya ce shi ba ya zama da mutum sai da oda, a bariki ya ga yadda 'yan uwa suke rabuwa a kan tsintsiya. Ya sayo goro, ya kira Iya ta zama shaida, muka zauna a tsakar gida muka tsara. Ɗebo ruwa yau ni gobe shi, shara ma haka, kananzir a haɗa a saya, ba mai taɓa kwanon wani ko sabulun wani sai ya tambaya, ni ba zan taka keke ba in ya dawo aiki ya kwanta hutawa, shi kuma ba zai shigo da ƙarafa masu baƙin mai inda nake shanya yadin mutane ba. Sai manyan guda uku da ya fi nanatawa. Baƙo kwana uku ne, in zai wuce sai ɗaya ya yarda. Duk wanda ya riga kawo iyalinsa shi zai riƙe sashen, ɗayan ya koma shago. Sannan abin da ya faru a sashenmu ba ya fita, ko Iya ba za a kai wa ba, sai mu biyun mun yarda. Iya ta yi dariya ta ce wannan ta ƙarshen ta fi yi mata daɗi, ita ta gaji da 'yan haya masu kawo mata ƙarar juna tana tsaka da tuƙa tuwo. Muka shafa Fatiha, aka raba goro.

Gaskiya mun zauna lafiya, ban taɓa zama da mutum mai tsabta da cika magana kamar Kofur ba. In ranarsa ce ta ruwa, ko zazzaɓi yake yi sai ya cika randar nan. Damina ta farko kurkunu ya fito mini a ƙafa biyu, ban iya taka ƙasa ba balle keke, mutumin nan shi yake goya ni zuwa banɗaki, shi yake naɗe tsutsar a tsinke kullum da safe kafin ya tafi aiki. Mahaifiyata ta zo jinya ta daɗe, ya bar mata ɗakinsa ya koma kwana a zaure cikin sauro, bai taɓa buɗe baki ya ce kwana uku sun cika ba. Na faɗi wannan don kada wani ya ɗauka da mugun mutum nake zaune.

To bayan an gama girbi bana sai ya je gida ya dawo da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Sale. Ya ce mini ya zo ganin gari ne, kwana uku zai yi. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, kullum cikin riga mai dogon hannu ko ana zafi. Na lura in na miƙa masa hannu sai ya dafe ƙirji ya rusuna, na ɗauka ladabin mutanen ƙauye ne. In mun zauna cin abinci sai ya ce ya ƙoshi, daga baya in gan shi a ɗaki yana ci a wani ɗan akushi da ya zo da shi. Kwana uku suka wuce, mako ya wuce, Kofur bai ce mini komai ba, ni kuma na tuna zuwan mahaifiyata na ji kunyar tambaya. Iya ma wata rana ta tsokane ni, ta ce Tela, kwana ukun naku ba ya cika ne? Na ce ai na yarda ya zauna, alhali ba wanda ya tambaye ni. Kuma Yaya Sale ba ya zaman banza, shi ne faskaren itacen Iya, shi ne gyara danga, in ina da guga shi yake hura mini gawayi.

A wajen gugar nan abin ya fito. Wata ranar kasuwa da hantsi aiki ya yi mini yawa, na cika dutsen guga da garwashi na ajiye a gefen tabarma na koma kan keke, shi kuma yana zaune yana tsinke mini zare a jikin wata riga muna hira. Sai na ji ƙauri kamar ana babbaka, na duba ko yadi ne ya kama, ashe gefen hannunsa ne ya jingina da dutsen gugar, fata tana ƙonewa, shi kuwa yana ta ba ni labarin wata saniya da ya taɓa yi. Na yi ihu na fizge hannun. Ya duba wajen, bai ce wash ba, bai yamutsa fuska ba, sai kawai ya ja hannun riga zai rufe. Kafin ya rufe na ga tabo fari-fari a damtsensa, da wani a wuyan hannu. Ni ba yaro ba ne, na san abin da yake sa mutum ya ƙone bai ji ba. Ya dube ni, na dube shi, ya ce, "Tela, ka yi haƙuri." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Da Kofur ya dawo da yamma na ja shi bayan gida na tambaye shi, bai musa ba, ya ce kuturta ce, farkonta ne. Ya ce a ƙauyensu da aka gane, sai aka yi masa bukka a bayan gari, ana ajiye masa abinci a kan dutse a juya, iyayen matarsa suka zo suka tafi da ita da 'ya'yan. Da ya je ya same shi yana kwana shi kaɗai a gindin tsauni inda kuraye suke yawo, ya kasa barinsa. Kuma ya ji labari a asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu an fara ba da wasu ƙwayoyi na ciwon kowane mako, daga ƙauyensu kuwa tafiyar ta fi ƙarfin mai lafiya balle shi. Na ce to me ya hana ka gaya mini tun ranar farko, mu da muke shan ruwa a randa ɗaya da moɗa ɗaya? Ya ce da na gaya maka za ka yarda? Ni ma na san amsar. Na ce kai ka kawo odar kwana uku, kai ka fara karya ta. Ya ce ya karya, bai musa ba, amma in tuna akwai wata odar da muka shafa wa Fatiha a zama ɗaya, abin da ya faru a sashen nan ba ya fita sai mu biyu mun yarda, shi kuma bai yarda ba. Na ce wato ka karya taka ka ɗaure ni da tawa. Ya ce in kira shi duk sunan da na ga dama, ɗan uwansa ne. Bai ambaci jinyar da ya yi mini ba, ko da kalma ɗaya, kuma wallahi da ya ambata da ya fi mini sauƙi, da na sami abin yin fushi.

Tun daga ranar zaman ya canza. Na sayo tulu na kai ɗakina na daina shan ruwan randa, Kofur ya gani, washegari ya daina zuwa cin abinci tare da ni. Da a kwano ɗaya muke ci, yanzu kowa a ƙofar ɗakinsa, ana jin ƙarar cokalin juna ba a magana. Ranar ruwa mai ranar yana cika randa, ranar shara kowa yana yi, babu odar da aka fasa, sai dai gaisuwa ta koma ina kwana lafiya lau. Ni kuma kullum in na shiga wanka sai na duba jikina, in na ga ɗan fari ko na makero ne sai gabana ya faɗi, in ɗauki allura in tsira wajen in ji ko da zafi. Na je asibitin da kaina kamar mai ciwon kai, na yi wa malamin asibiti tambaya a kaikaice, ya ce ciwon ba ya saurin kama mutum kamar yadda ake tsoro, kuma mai shan magani yana warkewa in ya jure, sai dai abin yana ɗaukar shekaru, in ya yanke kuma ya koma baya. Na ji daɗin maganarsa a lokacin, amma kafin in iso gida na tuna kutaren da nake gani a bakin kasuwa tun ina yaro, sai maganar ta bi iska. Shi malamin ba a gidan yake kwana ba.

Sai ga matsala ta biyu. Matar da take taya Iya wanke kwanuka ta koma garinsu, Iya ta ga Yaya Sale mutum ne mai amana, ta ce ya riƙa taya ta ɗauraye kwanukan direbobi da miƙa ruwan wanke hannu, ta riƙa ba shi abinci da ɗan abin sabulu. Ya ce mata hannunsa da ƙuna, ta ce in ya warke. Kullum sai ta tambaya ko ya warke, shi kuma kullum sai ya ƙara naɗe hannun da tsumma. Kwanakin baya ta kira ni cikin gida, ta ba ni tabarma, ta ce, "Tela, kai nake gani kamar ɗan da ban haifa ba. Ƙunar nan ta baƙonku ta ƙi warkewa, kuma na ga duk mako sai ya ɓace rabin yini. Lafiya dai ko?" Na ce dutsen gugata ne ya ƙone shi Iya, a gabana aka yi. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce abin da na gani ke nan. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, na yarda da kai." Na tashi na fito. Ban yi ƙarya ba, amma ku da ni mun san abin da na yi. Matar nan ba ta da gona, ba ta da ɗa, tukunyar nan ce gatanta. Ranar da direba ɗaya ya ji cewa akwai mai wannan ciwo a gidan da ake tuƙa tuwon, kafin magariba labari ya kai Kano ya kai Zariya, ba mai ƙara tsayawa a rumfarta, ko da hannun Yaya Sale bai taɓa kwano ko ɗaya ba.

Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga Bebeji. Matata ta haihu tun kafin girbi, ɗa namiji, na fari gare ni, ta gama wanka a gidansu, surukina ya aiko cewa ba zai mayar da ita gidanmu ta ci gaba da zama ba miji ba, in na gyara wuri ranar kasuwa mai zuwa za a kawo ta da kayanta. Dama ni na daɗe ina roƙon haka, tun kafin zuwan baƙon nan na gaya wa Kofur da Iya, har Iya ta sa an yi wa ɗakina sabon daɓe. In na ce a dakata, surukina mutum ne mai bin diddigi, sai ya ji dalili, in na ƙi faɗa zai ɗauka wata nake nema a nan.

Na sami Kofur na gaya masa, na ce bisa odarmu sashe ya zama nawa, shi zai koma shago. Ya ce ya sani, kuma zai koma, amma in duba inda shagon yake, ƙofarsa a cikin rumfar tuwo, direbobi a bakinta suke shimfiɗa tabarma, babu inda mutum zai tuɓe riga ya sha iska ba a gan shi ba, kwana nawa Yaya Sale zai yi a nan ba a gane ba? Ya roƙe ni in bar masa ɗakin nasa a cikin sashe, a ja zana a tsakani, su za su riƙa shiga ta baya. Na ce da jaririn nawa? Da matar tawa, da maza biyu a bayan zana, banɗaki ɗaya? Ya ce to in ba su lokaci ya nemi wani gida. Na ce wane gida, kai da ka san duk wanda ya ba ku haya sai ka ɓoye masa kamar yadda ka ɓoye mini. Nan ya tashi tsaye, ya ce ashe dai so nake a mayar da ɗan uwansa wajen kuraye. Na ce ban faɗa ba. Ya ce ba sai na faɗa ba, tulun da na saya ya faɗa. Muka ɗaga murya har Iya ta leƙo ta katanga ta ce lafiya, mu biyu muka haɗa baki muka ce lafiya lau. Rabon da mu haɗa baki a kan wani abu an daɗe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru jiya. Kofur ya tafi gyaran wata mota da ta mutu a hanyar Tudun Wada, ina kan keke bayan azahar sai Yaya Sale ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata, bai shigo ba, dama tun ranar gugar bai ƙara taka tabarmata ba. Ya ce ya ji duk abin da muka yi da ƙaninsa. Ya ce, "Tela, gaskiya tana wajenka. Ni ma ina da 'ya'ya, da ni ne ba zan kawo jariri inda nake ba." Ya ce shi ba ya son ya raba mu, kuma ba ya son ya kashe wa Iya kasuwa, matar da take zuba masa nama a miya ba ta san ko shi wane ne ba. Ya ce in na ce ya tafi, ranar da Kofur ya fita aiki zai ɗauki akushinsa ya kama hanya, ya koma bukkarsa, ba zai ce ni na ce ba, zai bar saƙo cewa kewar gida ce ta dame shi. Na ce maganin fa? Ya yi murmushi ya ce tabon wuyan hannunsa ya fara komawa kalar jiki, ya so ya ga ƙarshen abin, amma ba komai. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada in gaya wa ƙaninsa mun yi wannan magana, domin in ya ji zai bar aikinsa ya bi shi dajin, su lalace su biyu. Ya ce, "Kai ne mai ɗaki. Abin da ka ce shi zan yi, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

To jama'a kun ji inda nake. In na ce masa ya tafi, matata ta zo lafiya, Iya ta tsira da kasuwarta, ba wanda zai san da hannuna, amma ni na san na tura mutumin da ya fara samun sauƙi inda ba zai ƙara ganin magani ba, kuma zan ci gaba da gaisawa da Kofur kullum da wannan a cikina. In na gaya wa Iya gaskiya na karya abin da na shafa wa Fatiha, kuma ban san me za ta yi ba, tana iya rufa asiri, tana iya korar mu duka kafin la'asar, ba kuma zan ga laifinta ba. In na yi shiru na kawo iyalina, na sa ɗana a abin da ban san iyakarsa ba, kuma na ɓoye wa uwarsa. In na kwashe kekena na bar musu gidan, na bar Iya cikin duhu ita da ta ce ta yarda da ni, kuma duk masu kawo mini ɗinki a ƙofar gidan nan suka san ni.

Malamai masu karatu, alkawarin da ɗaya ya fara karyawa, yana nan a wuyan ɗayan ko ya faɗi? Iya tana da haƙƙin ta sani ko da Kofur bai yarda ba? Waɗanda suka san aikin asibiti, don Allah ku gaya mini tsakaninku da Allah, za ku kwantar da jaririnku a gidan da mai shan wannan magani yake? Wanda kuma ya taɓa zaman haya da aboki irin wannan, yaya ya yi ya fita bai zama butulu ba?

Na ce wa Yaya Sale ya ba ni lokaci in yi tunani, ya ce to. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin sa a bayan katanga yana faskare, in ya sare ɗaya sai ya dakata, ya saurara ko zan kira shi. Don Allah kada ku daɗe ba ku ba ni amsa ba.